Motar Shara ko Ɗan Gwangwan: Muhawara a kan Jujin Jega, Aliero da Maiyama

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Tambuwal, ta faɗa Aliero, ta gamu da ta Birnin Kebbi a Jega, kana ta gangara Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, in dai bai yi barci a mota ba, ba zai rasa lura da abu guda wanda garuruwan nan uku suka yi tarayya a cikinsa ba, watau baƙar ledar cefane da farar ledar ruwa, waɗanda suka yi wa bakin gari ƙawanya, suka maƙale a jikin ƙaya, suka kwanta cikin magudanai, har suka tsallaka gonakin da ke bayan gidaje. Babu mai musun cewa wannan aibi ne. Inda aka sha bamban shi ne a kan magani, domin masu ilmi da masu faɗa a ji na wannan yanki sun rabu gida biyu: wasu na ganin lokaci ya yi da ƙananan hukumomi za su sa motoci su riƙa bin ƙofa ƙofa suna kwasar shara, kowane maigida ya biya wani abu a wata, a kuma wajabta wa iyalinsa su ware leda da roba da ƙarfe daban; wasu kuwa na ganin wannan tsari ne na manyan birane wanda aljihun talaka da baitulmalin hukuma duka ba za su iya ɗauka ba.

Masu son mota suna farawa da hujjar shari'a da ta doka. Suna cewa tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a cikin jadawalinsa na huɗu, ya ɗora kwasar shara a wuyan ƙaramar hukuma, saboda haka ba alfarma ake roƙo ba, hakki ne ake nema. Suna ƙarawa da cewa tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, uzurin rashin kuɗi ya kamata ya raunana. Ta fuskar addini kuma suna tunatarwa cewa tsabtace hanyar jama'a farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya mata ta faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya noƙe to alhaki ya hau kan gari baki ɗaya, kuma malaman fiƙihu ba su saɓa ba a kan cewa wajibi ne shugaba ya gusar da abin da ke cutar da al'umma. Wane ne zai ce juji ba ya cuta, alhali kwatar da leda ta toshe ita ce makwancin sauro, hayaƙin bolar da aka cinna wa wuta da magariba shi ne ke shiga ƙirjin tsofaffi da jarirai, ƙudan da ya tashi daga can kuwa shi ne ke sauka a kan farantin mai awara?

Akwai kuma hujjar da mahauta suka fi kowa sani. Saniya ko tunkiya da ke kiwo a bakin gari tana lasar ledar da ke da ɗanɗanon gishiri ko mai, ta haɗiye, yau kaɗan gobe kaɗan, har abin ya dunƙule a cikin tumbi. Sai mai ita ya ga tana ci ba ta ƙiba, cikinta ya kumbura, ƙugunta ya fito, ya yi ta sayen magani a banza, daga bisani ya kai ta kasuwa a karye farashi, ranar da aka yanka kuma mahauci ya zaro wani curi baƙi mai tauri wanda ya cika hannu biyu. A ƙasar da dabba ita ce asusun mace kuma ita ce jarin manomi, wannan hasara ce ta dukiya tsantsa, ko da ba a rubuta ta a littafin kowa ba.

Sa'an nan suna cewa garuruwan sun girma sun wuce tsohon tsari. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Jega mutum kusan 200,000, ta ba Maiyama sama da 170,000, Aliero kuma ƙasa da 70,000 kaɗan, kuma tun daga wancan lokaci an hayayyafa ƙwarai. A cikin shekarar nan ta 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a Aliero, ta jawo ɗalibai da malamai waɗanda cimarsu ta kanti ce, taliyar leda da ruwan gora da lemon gwangwani, ga kwalejin kiwon lafiya a Jega, ga kasuwar Jega kanta wadda tun zamanin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin wajen 1820 take tara fatake daga gabas da yamma, yanzu kuma kowane mai saye sai ya tashi da leda biyu ko uku. A ganinsu dubagari na zamanin En'e, wanda ke shiga gida ya leƙa randa ya duba salga, da tsabtar ƙarshen wata da aka gada daga yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin soja a 1984 da 1985, duk an yi su ne domin sharar da ke ruɓewa, ba su da dabarar abin da ke shekara da shekaru a ƙasa bai narke ba.

To, wannan magana ce mai nauyi, kuma ni kaina ban ga inda za a kushe rabinta na farko ba. Amma akwai wata jimla da masu wannan ra'ayi suke yawan maimaitawa, wadda a kanta ɗaya ɓangaren ya kafa tasa hujjar, ita ce cewa wai mutanenmu ba su waye da sake sarrafa shara ba, ba sa ba da haɗin kai, sai an wayar musu da kai. Masu ja suna cewa wannan ƙazafi ne ga matan gida, suna kuma gayyatar duk mai shakka ya shiga wani gida a Maiyama ko a tsohon garin Jega ya zauna wuni guda ya ga abin da ke fita ƙofa. Dusa da ƙaiƙayi da ɓawon wake na awaki ne; sauran tuwo ana ɗumama shi da safe ko a ba almajiri, ƙanzonsa a shanya; tokar murhu ana tace ta a yi ruwan toka na miya, ko a zuba ta a gona; kashin tumaki da na kaji ana tara shi a kusurwa sai bazara a kai gona a kan jaki ko amalanke; tsohon zane ya zama tsumma, tsumma ya zama gammo; gorar ruwa da aka shanye ana wanke ta a ɗura zoɓo ko kunun aya ko man gyaɗa, ta yi zagaye a hannun jama'a har sai ta fashe; buhun taki ya zama shimfiɗar shanya ko igiya; tsohuwar taya ta zama takalmi, tsohon tif ya zama guga. Abin da ya rage na ƙarfe da sanholo da fasasshen bokiti kuwa uwargida tana adana shi a bayan ɗaki, har ranar da za a ji kiran ɗan gwangwan a lungu, yaro ya fita da kayan, a rataya a sikeli, a dawo da 'yan kuɗi ko sabon kwano. Sanholon nan shi ne maƙera ke narkawa su zuba tukwane da ludaya, ƙarfen kuma a loda shi a manyan motoci zuwa masana'antun narka ƙarfe.

Saboda haka, in ji masu wannan ra'ayi, duk abin da ke da farashi ba ya kwana a juji, kuma babu wanda ya yi shela ko ya buga takarda kafin mata su koyi haka. Abin da ke kwana a juji shi ne abin da babu mai saye: ledar cefane wadda ta yi sirantar da sai an tara tuli kafin ta motsa sikeli, ledar ruwa mai datti, takardar alewa da ta biskit, da kuma kunzugun zamani na jarirai wanda ya shigo gidaje a 'yan shekarun nan, wanda ba ya ƙonuwa da daɗi, ba ya ruɓewa, ba kuma dabarar da za a yi da shi. Idan haka ne, ai ciwon ba na jahilci ba ne, na kasuwa ne, kuma wanda ya ba mace kwando uku masu launi daban daban ya ce ta ware kyauta abin da ta saba sayarwa, domin motar hukuma ta ɗauka, sa'an nan mijinta ya biya kuɗin wata a kai, lalle bai fahimci lissafin gidan ba.

Daga nan sai su juya kan tsadar motar kanta, kuma a nan ne maganarsu ta fi ƙarfi. Babbar motar shara tana shan man dizal, tana bukatar direba da leburori da makaniki, kayan gyaranta daga ƙasashen waje suke zuwa da kuɗin waje, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, duk abin da ke tafiya a kan taya ya ninka tsada. Ba ta shiga lungunan tsohon gari inda jaki biyu ma sai sun yi wa juna hanya. Abin da za ta fi ɗauka kuma, in aka duba kwandon sharar gidajenmu masu tsakar gida ta ƙasa, yashi ne da toka waɗanda tsintsiya ta tattaro, watau za a ƙona mai mai tsada domin a kwashe ƙasa daga cikin gari a kai ta bayan gari. A ƙaramar hukuma irin Maiyama, wadda jama'arta ke warwatse a garuruwa da ƙauyuka kamar Andarai da Mungadi da Sambawa, nisan da ke tsakanin ƙofa da ƙofa shi kaɗai ya isa ya cinye kuɗin. Kuma ranar da motar ta lalace, ko kuɗin mai ya makara, mutanen da aka hana su kai shara juji za su jibge ta a bakin titi suna jira, sai gari ya fi dā ƙazanta.

Ba a nan kaɗai aka ga haka ba. Legas, da dukan arzikinta da hukumarta ta shara LAWMA da 'yan kwangilar da ke bin gidaje, har yanzu kukan da ake yi shi ne magidanta ba sa biya, 'yan kwangila kuma ba sa zuwa, kowa na cewa ɗaya ne ya fara. A Amurka ma, lokacin da ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga tarkacen roba na ƙetare a farkon 2018, garuruwa da dama sun tarar cewa abin da suke tarawa a ƙofar gidaje ya daina kawo kuɗi ya koma cin kuɗi, wasu suka ƙara wa jama'a haraji, wasu suka dakatar da tsarin ɗungum. Idan masu dala sun ji nauyinsa, ina ga ƙaramar hukumar da albashi ke lashe galibin abin da ta samu?

Game da kuɗin wata kuwa, masu ja ba su rasa nasu malaman ba. Suna tuna cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ɗora wa talakawa kuɗaɗen da shari'a ba ta aza ba cikin halayen mulkin zalunci, kuma wannan ƙasa ta Gwandu, wadda ƙaninsa Abdullahi ya riƙe har wafatinsa a 1829, ba inda za a manta da wannan ba ne. Ɗaya ɓangaren yakan amsa da cewa Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus, ya halatta wa shugaba ya aza wa mawadata wani abu domin maslahar jama'a idan lalura ta kama. Gaskiya ne ya halatta, amma da sharuɗɗa: shugaban ya zama adali, baitulmali ya zama ya gaza da gaske, a kuma karɓa gwargwadon bukata daga masu hali. Wanda ya ɗauki fatawar ya bar sharuɗɗan bai yi wa malamin adalci ba, kuma manomin da ya ga an karɓi kuɗin rumfa da kuɗin tasha shekara da shekaru, alhali kwatar kasuwa tana nan yadda take, yana da hakkin ya tambaya ina na baya ya shiga kafin a zo masa da sabon rasit.

Sai dai kuma bai kamata a bar masu ja su tafi da tutar nasara haka kawai ba, domin akwai wurare biyu da hujjarsu ke ɗingishi. Na farko, sana'ar gwangwan da suke yabo tana da nata aibin: yara ƙanana ne galibi ke tonon juji da hannu ba safa, cikin fasassun kwalabe da alluran da aka yar, a lokacin da ya kamata suna gaban malam, kuma kasuwar da ke sayen kowane ƙarfe ba tambaya ita ce ke sa a wayi gari an ɓalle murfin kwalbati ko an yanke wayar lantarki, har ta kai gwamnatin Borno ta haramta sana'ar a 2023 saboda dalilan tsaro. Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, tsohon zagayen nan da ke mayar da juji taki ya fara gurɓata. A dā manomi kan sayi tsohon juji ya kwashe shi zuwa gona, kamar yadda jakuna suka daɗe suna fitar da takin birnin Kano zuwa karkararsa, ƙasa ta karɓa ta gode. Yau wanda ya kwashi juji ya kwashi leda da batir da gilashi, ya watsa a gonar da zai dasa albasa, kuma Aliero, wadda sunanta ya kai har ƙasashen maƙwabta saboda albasa, ba ta da jarin da ya wuce lafiyar ƙasarta. Cewa a bar abu yadda yake, ashe, ba matsayi ba ne da mai hankali zai tsaya a kai, tun da abin ba ya tsayawa yadda yake, ƙaruwa yake yi kowace ranar kasuwa.

A nan zan ɗan ratse in ce wani abu game da ambaliya, domin ana yawan jawo ta cikin wannan muhawara ba bisa ƙa'ida ba. Ruwan da ya cinye shinkafar jihar Kebbi a daminar 2020 na gulabe ne da suka cika suka tumbatsa, kuma ko da babu leda ko ɗaya a Jega gulbin Zamfara zai yi abin da ya yi. Laifin leda shi ne ƙaramar ambaliya ta cikin unguwa, wadda ke jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zube a kan masu barci. Wannan kaɗai ya isa laifi, ba sai an ƙara mata da na gulbi ba.

Abin da na fahimta, bayan auna maganganun nan, shi ne ɓangarorin biyu suna jayayya a kan mota alhali mas'alar tana kan farashi. Manya daga cikin masu karatu za su tuna zamanin lemon kwalba, lokacin da mai kanti ba ya barin ka fita da kwalba sai ka kawo wata ko ka ajiye kuɗinta; a wancan zamani ba a ganin kwalbar lemo a juji, kuma ba dubagari ne ya hana ba. Jamus ta bi wannan hanya tun 2003, inda ake riƙe santi 25 a kan kowace gorar da ake sha a yar, sai ka mayar a ba ka. A Legas wata ƙungiya mai suna Wecyclers, wadda Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa da abokanta a 2012, ta fara da kekuna masu akwati tana shiga unguwannin talakawa, tana auna roba da ledar ruwa tana saka wa matan gida da kayan amfani, sai ga waɗanda ake cewa ba su waye ba suna tara leda a buhu. Ruwanda a 2008 da Kenya a 2017 sun zaɓi haramta ledar cefane gaba ɗaya, amma wannan hukunci ne na ƙasa mai iko da iyakokinta, ba na ƙaramar hukumar da motocin jihohi da yawa ke ratsa ta kullum ba.

Don haka ra'ayina shi ne kada a aza wa magidanta kuɗin wata yanzu, kada kuma a ci bashi a sayi manyan motoci domin bin ƙofofi. A fara daga inda leda ke fitowa, watau masu buga ruwan leda da dillalan ledar cefane da manyan rumfunan kasuwa, waɗanda adadinsu kaɗan ne, an san su, kuma suna cin riba daga abin da ke toshe kwata. A yi yarjejeniya da ƙungiyoyinsu a kan wani ɗan kaso, a ajiye shi a asusun da sarakunan kasuwa da limamai da wakilan hakimi za su riƙa ganin shigarsa da fitarsa, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a. Da wannan kuɗi a buɗe wurin awo a Jega, tun da ita ce mahaɗar hanyoyi, inda za a sayi busasshiyar leda da kilo a daddanne ta a ɗaure, motocin da ke zuwa Kano da Legas su tafi da ita wurin masu narkawa, Aliero da Maiyama kuma su riƙa turo tasu a ranakun da aka ajiye. 'Yan gwangwan a yi musu rajista a ƙarƙashin shugabanninsu, a hana su sayen kayan hukuma da ɗaukar yara ƙanana, su ne za su zama ma'aikatan wannan tsari ba tare da an ɗauki kowa albashi ba. A cikin lunguna baro da kura da babur mai ƙafa uku sun wadatar, mota guda kuma ta tsaya ga kwashe matattarar kasuwa da tasha da asibiti, inda sharar ke da yawa a wuri ɗaya kuma kuɗin mai ke biyan kansa. Jami'ar Aliero tana da malaman kimiyya da ɗalibai masu neman abin bincike. Auna abin da kwandon gida ke ɗauke da shi a unguwa biyu ko uku, rani da damina, aiki ne da ya dace da su, kuma shi zai hana a yi kasafi da ka.

Na san masu son mota za su ce wannan bai magance kunzugun jarirai da sauran abin da ba shi da mai saye ko an yi yaya ba, kuma sun yi gaskiya. Wannan sai rami na musamman a bayan gari, nesa da rijiyoyi da fadama, wanda haƙa shi da tsare shi wajibin hukuma ne daga kason da take karɓa. Idan shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama suka yi wannan shekara biyu a jere, jama'a suka ga kwata na gudu kuma lissafi na fitowa, to a sa'an nan su zo da maganar kuɗin wata, za su sami masu saurare. Kafin nan, muna roƙonsu su zauna da masu ruwan leda da shugabannin 'yan gwangwan tun rani bai ƙare ba, domin a yashe magudanai a kuma kafa sikeli kafin ruwan farko ya sauka.